Gida a bakin teku bayan ritaya: abin da gaɓar Gana ke koya wa mai niyya

Gaɓar tekun Gana ta kai kusan kilomita 550, daga Aflao da ke kan iyakar Togo har zuwa iyakar Kwaddibuwa a yamma, kuma a 'yan shekarun nan babu hajar da ta yi tashe a wannan gaɓa kamar fili. Tun da gwamnati ta ware 2019 a matsayin shekarar komowar jikokin bayin da aka kwasa zuwa ƙetare, baƙaƙen fatar Amurka da na tsibiran Karibiyan suka riƙa tururuwa zuwa Cape Coast da Elmina. Wasu ziyara ce ta kawo su, wasu kuwa wurin zama suka nema. Ba su kaɗai ba ne. Akwai 'yan zango da suka share shekara talatin suna aiki a Jamus ko Ingila ko Amurka, yanzu ƙashi ya fara ƙin sanyin can. Akwai ma'aikatan Akra da Tema da suka cika shekara 60, shekarun ajiye aiki a ƙasar, suna neman inda za su huta da cunkoso. Akwai kuma 'yan kasuwar Najeriya da Nijar da suka saba bin hanyar Legas, Kwatano, Lome har Akra, suka ga wurin ya kwanta musu a rai.

Sha'awar tana da dalili. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Kano ko Yamai ko Tamale, inda ma'aunin zafi ke haura 40, zai ji gaɓar teku kamar an sauke masa kaya, domin a can da wuya zafi ya wuce talatin da 'yan kai. Ƙurar hunturu kan iso a raunane. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi kan taso daga ƙasan teku ya sanyaya iska, kuma a lokacin ne kifi ke yawa. Ga dattijo mai asma ko hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai mai shekara 60 da ya tsaya a kan yashi yana kallon ruwa yakan manta cewa gidan da zai gina ba nasa ba ne shi kaɗai. Na mutumin da zai zama ne nan da shekara ashirin, wanda gwiwa ta daina ɗaukarsa, ido ya rage, tuƙi ya gagare shi. Na matarsa ne kuma, wadda mai yiwuwa ta rayu bayansa. Dillali kallon teku yake sayarwa, amma a ganina abin da ya kamata a saya shi ne garin da ke bayan tekun. Filin da ya fi kusa da ruwa, wanda ya fi tsada, sau da yawa shi ne mafi munin ciniki.

A fara da ƙasar kanta, domin yashin bakin teku ba a zaune yake ba. A mashigin tekun Gini raƙuman ruwa na tasowa ne daga kudu maso yamma, su bugi gaɓa a karkace, saboda haka kowace igiya takan ɗan tura yashi zuwa gabas. Haka abin yake dare da rana. Muddin wani yashin na zuwa daga yamma ko daga bakin kogi yana maye gurbin wanda ya tafi, gaɓa na nan daram. Kamar rumbu ne da ake ɗiba kullum: ba a gane an daina zubawa sai ranar da aka ga ƙasansa. Idan aka tare hanyar yashin, teku ba zai fasa ɗiba ba, sai dai ya koma ɗibar abin da ya tarar, wato gonaki da tituna da gidaje.

Keta, wani gari a gabashin gaɓar Gana, ita ce babbar shaidar wannan. Garin yana kan siririn tudun yashi, teku a gabansa, babban tafki a bayansa. A da cibiyar kasuwanci ce mai shaguna da ɗakunan ajiya, har da ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784. Kogin Volta ne ke ciyar da wannan gaɓa da yashi da laka. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, akasarin abin da kogin ke kawowa sai ya riƙa kwanciya a bayan madatsar. Zaizayar ta girmi madatsar, amma daga nan ta ƙara gudu. A 1980 teku ya cinye babban ɓangare na ganuwar, kuma unguwanni guda na tsohuwar Keta yau suna ƙarƙashin ruwa. Gwamnati ta ranto kuɗi sama da dala miliyan 80 aka jera duwatsu, aka shimfiɗa katangu masu kutsawa cikin teku don su riƙe yashi, aka gama a 2004. Aikin ya ceci abin da ya rage na garin. Amma yashin da katangun suka riƙe, yashin maƙwabtan gabas ne. Matsalar sai ta matsa gaba zuwa Blekusu, daga nan zuwa Agavedzi da Salakope da Amutinu. A Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki, a Maris na 2025 ta sake afka wa waɗannan ƙauyuka har sai da shugaban ƙasa John Mahama ya je da kansa. Fuveme, ƙauyen masunta da ke kusa da bakin Volta, kusan sai dai a ba da labarinsa.

Ba Gana kaɗai ba ce. Tashar jiragen ruwa ta Lome da aka buɗe a 1968 ta tara yashi a yammacinta, ta bar gabashinta yana zubewa, har tsohuwar hanyar mota zuwa Aneho ta shige ruwa. Haka aka yi a gabashin tashar Kwatano. A Legas, katangun duwatsu da Turawan mulki suka gina a bakin mashigar jirage a farkon ƙarni na 20 su ne suka yi sanadin cinyewar bakin tekun Bar Beach, kuma bayan an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, mutanen ƙauyukan gabas ta wajen Lekki suka shiga kuka da ruwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai lalacewar gaɓa, wato zaizaya da ambaliya da gurɓata, ta ci wa Binin da Kwaddibuwa da Senegal da Togo kimanin dala biliyan 3.8, fiye da kashi biyar cikin ɗari na abin da tattalin arzikinsu ke samarwa.

Mutane da yawa na ɗora laifin duka a kan sauyin yanayi. Gaskiya ne teku yana hawa, kimanin milimita uku zuwa huɗu a shekara a faɗin duniya, kuma a shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ɗan hawa kaɗan kan yi nisa cikin ƙasa. Amma ga mai neman fili, abin da ya fi saurin taɓa shi aikin hannun mutum ne da ke kusa: madatsa, tashar jirgi, katangar da aka yi wa garin da ke yammacinsa, da tifofin da ke zuwa cikin dare suna kwasar yashi don buga bulo, duk da doka ta hana. Wannan ma albishir ne ta wata fuska, domin abu ne da ido ke iya gani kafin a biya kuɗi. Tambayar farko ita ce: mene ne aka gina cikin ruwa a yammacin wannan fili, kuma me ake shirin ginawa? Lissafin kuma mai sauƙi ne. A ɗauka wuri yana rasa mita biyu kacal a shekara. Cikin shekara ashirin mita arba'in sun tafi, kuma tun kafin ruwa ya iso ƙofa babu mai sayen gidan.

Gani ya kori ji. A je wurin lokacin da ruwa ya janye, a duba bishiyoyin kwakwa. Idan saiwoyinsu sun fito fili suna reto, ko ana hango kututture a tsaye cikin kumfar ruwa, to gaɓar baya take ja. A duba ko akwai guntun harsashin gini ko bakin rijiya a cikin yashi. Sannan a sami tsohon masunci da ke gyaran taru a inuwa, a gaishe shi yadda ya dace, a tambaye shi inda gidan mahaifinsa yake. Idan ya ɗaga hannu ya nuna cikin ruwa, magana ta ƙare, ko da takardun filin sun cika.

Yammacin Akra ya fi sauƙi. Daga Winneba zuwa Cape Coast, Elmina, Sekondi, Dixcove har Axim akwai duwatsu da tuddai da ke kutsawa cikin teku, shi ya sa Turawa suka jera ganuwoyinsu a can, kuma ta Elmina da 'yan Fotugal suka gina a 1482 tana nan tsaye. Duk da haka, hatta a waɗannan garuruwa an jera duwatsun kariya a wurare da dama, domin lungunan yashin da ke tsakanin duwatsun suna zaizayewa. Garin Ada kuwa, da ke gabashin Akra a bakin Volta, ruwa biyu ne suka sa shi a tsakiya, kogi da teku. Da aka saki ruwan Akosombo a Satumba da Oktoban 2023, garuruwan da ke ƙasan madatsar sun nutse, Mepe ta fi kowa jin jiki, dubban mutane suka koma kwana a makarantu. Shawarata a kowane gari ɗaya ce: a hau tudu, a ja baya da 'yan ɗaruruwan mitoci. Iskar za ta iso, ruwan ba zai iso ba.

Ko a kan tudun, gishiri zai zo. Wanda ya tashi a busasshiyar ƙasa bai san aikin iskar teku ba sai ya zauna da ita. Kwaɗon ƙofa da a Zariya zai yi shekara goma, a nan damina ɗaya ta isa ya ƙi buɗuwa. Kwanon rufi na gama-gari yakan fara ja daga bakin ƙusa. Bayan firij, injin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, ƙarfen taga, ƙasan mota, duk tsatsa na binsu. Takalmin fata da babbar rigar da aka ninke a akwati don ranar Idi, in ba a riƙa shanya su ba, sai a tarar fumfuna ta yi musu fari. Mafi haɗari shi ne wanda ba a gani. Idan magini ya kwaɓa siminti da yashin bakin teku, gishirin na cikin kankare tun ranar farko. Rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga ginshiƙi daga ciki. Mai duba gidan da aka riga aka gina ya ɗaga kai ya kalli ƙasan rufin kankare da saman tagogi. Jan layi mai kama da zubar shayi, ko filasta da ta kumbura tana ɓarewa, alamar rodi ne ke ciwo, kuma sabon fenti ba ya warkar da shi. Maganin abin sananne ne: yashin kogi ko na kwari, kankare mai kauri a kan rodi, rufin alminiyam, tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa. Duk wannan kuɗi ne, kuma gyara ba ya ƙarewa. Mai fansho ya sa shi a lissafin kowace shekara kamar yadda yake sa kuɗin magani.

Ruwan sha ma haka. Rijiyar burtsatse kusa da teku takan ba da ruwa mai daɗi da damina, rani na tsananta ta koma ɗanɗanon gishiri. A ɗanɗana ta a watan Fabrairu ko Maris, ba a Yuni ba. Famfo kuma ba abin dogaro ba ne kullum, domin Cape Coast da Elmina da Sekondi-Takoradi suna samun kaso mai yawa na ruwansu daga kogin Pra, kogin da masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda ake kira 'yan galamse, suka mayar ruwan laka. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasar ya fito fili ya ce wannan ne ya jawo ƙarancin ruwa a Cape Coast da Elmina. Babban tanki da hanyar tara ruwan sama wajibi ne. Sauro kuwa ba shi da hutun rani kamar a arewa, zazzaɓinsa na nan duk shekara, kuma wanda ya daɗe a Turai jikinsa ya manta da shi.

Sai maganar takarda, inda garatutin mutane da yawa ya salwanta. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Gana tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi ne, ba gwamnati ba. Abin da ake kira sayen fili a can haya ce ta dogon zango. Ɗan ƙasa yakan samu ta shekara 99, baƙo kuwa tsarin mulkin 1992 ya ƙayyade masa shekara 50, ba a yarda ya mallaki ƙasa har abada ba. Ga mai shekara 60 wannan ya ishe shi, amma magadansa su san abin da za su gada. Matsalar da ta fi yawa ita ce fili ɗaya a sayar wa mutum uku: kawu ya sayar, ɗan 'yar'uwa ya sayar, wani reshen dangin ya ce ba da yawunsa ba. Daga nan sai kotu, ko kuma 'yan daban da ake ɗauka haya don gadin fili, waɗanda dokar filaye ta 2020 ta haramta amma ba su ɓace ba. Shari'ar fili takan ɗauki shekaru, mai ritaya kuwa ba shi da shekarun kashewa a harabar kotu.

Hanyar kare kai ba ɓoyayya ba ce, gajiyarwa ce kawai. A kai taswirar filin ofishin hukumar filaye a bincika sunan wa ke kai. A ɗauki safiyo da lauya na kai, ba waɗanda mai sayarwa ya kawo ba. A tabbatar shugaban dangi da manyan dattawansu sun sa hannu. A tambayi maƙwabta. Kuma kada a aika kuɗi daga ƙetare a ce wani ɗan'uwa ya tsaya, zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda ya fi son gefen Legas ya tuna cewa ko da takardar mallaka a hannu, gaɓar teku wuri ne da gwamnati kan dawo kansa: a Afrilun 2024 aka rushe wuraren shaƙatawa da gine-gine a bakin tekun Oniru don a ba titin Legas zuwa Kalaba hanya.

Da za a ce in zaɓi ma'auni ɗaya tak bayan tsayuwar ƙasa, asibiti zan zaɓa. Cututtukan tsufa ba sa jira. Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya sa'o'in farko ne ke raba wanda zai miƙe da wanda zai kwanta. Don haka ba kilomita ake ƙirgawa ba, mintoci ake ƙirgawa, da tsakar dare ko da yammacin Juma'a, cikin ruwan sama. Winneba ba ta fi kilomita sittin da 'yan kai daga Akra ba, amma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson garin Kasoa da ke kan wannan hanya ya san taswira ba ta faɗin gaskiya. Abin da ya taimake ta shi ne tana da nata babban asibiti. Cape Coast na da asibitin koyarwa inda ake wankin ƙoda, Sekondi na da asibitin Effia Nkwanta. Daga Keta ko Ada kuwa, babban lamari sai an nufi Tema ko Akra ko Ho, daga Axim sai an nufi Takoradi. Gashin cutar daji a asibitocin gwamnati sai Korle Bu a Akra ko Komfo Anokye a Kumasi. Inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shekara, amma ba kowane magani take biya ba. Mai ciwon suga ya shiga kantin maganin garin ya tambaya ko allurarsa na samuwa a kai a kai, kuma ina ake ajiye ta idan wuta ta ɗauke. Ƙauyukan da suka fi kyau a hoto, masu fararen yashi da babu kowa, yawanci su ne a ƙarshen hanyar da ba kwalta.

Kuɗi kuwa, tambayar ita ce da wane kuɗi ake biyanka, da wane kake kashewa. Wanda fanshonsa ke zuwa da yuro ko fam ko dala yana da garkuwa. Wanda nasa sidi ne, wato kuɗin Gana, ya ga abin da ya faru a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba, gwamnati ta sake fasalin bashin cikin gida, har tsofaffin da suka zuba ajiyarsu a takardun lamuni suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a farkon 2023, cikinsu har da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo. Mai fanshon naira ya fi kowa shiga tsaka mai wuya. Kafin Yunin 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ke karɓa da naira yana kashewa da sidi ko sefa, cikin shekara guda zai iya wayar gari abin da ke ciyar da shi wata ya koma na kwana goma. Garuruwan da baƙi suka yi wa yawa kuma, haya da fili da dala ake faɗinsu.

Abin da tallace-tallace ba sa ambata ko kaɗan shi ne jama'a, kuma ga Bahaushe nan ne gizo ke saƙa. Rukunin gidajen da ake ginawa a keɓe a bakin ruwa, da katanga da mai gadi, ranar Asabar cike suke da 'yan hutu daga Akra, ranar Talata ba ka jin motsin kowa. Wata na farko wannan shiru hutu ne, bayan shekara ya zama ciwo. Mutumin da ya saba fita masallaci sau biyar, ya zauna majalisa bayan La'asar, a kira shi ɗaurin aure da suna, ba zai rayu da kallon ruwa ba. Matarsa ta fi shi shiga uku, domin shi yana iya ɗaukar mota ya fita, ita kuwa wa za ta shiga wa gida, wa zai shigo mata? Bai kamata a yanke wannan shawara ba sai da ita, a gabanta, ta ga wurin da idonta.

A nan gaɓar Gana tana da abin da wurare kaɗan ke da shi. Fataken goro da sojojin Hausa na zamanin Turawa da malamai sun kafa zango a kusan kowane babban gari, tun fiye da ƙarni guda. Akra na da Sabon Zango da Nima da Mamobi, Cape Coast na da nata a wajen Kotokuraba, haka Sekondi da Takoradi da Winneba. A zango akwai masallacin Juma'a, akwai mahaucin da ka yarda da yankansa, akwai koko da ƙosai da safe, akwai makarantar allo da jika zai shiga idan ya zo hutu, akwai wanda zai amsa maka sallama da harshenka. Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma dole a faɗa: maƙabartar Musulmi, da mutanen da za su yi maka wanka da salla su kai ka a ranar. A al'adar yawancin mutanen kudancin Gana gawa takan yi makonni a ɗakin ajiya kafin a yi biki a binne. Wanda ya zauna inda babu jama'arsa ya bar wa iyalinsa wannan nauyi su kaɗai a ranar da ba su da ƙarfin ɗauka.

Wannan ba yana nufin a shige zango a rufe ƙofa ba. Garin na Fante ne ko Ga ko Ewe ko Nzema, kuma bakin tekun wurin sana'arsu ne tun kaka da kakanni. Da asuba a Elmina kwale-kwale ne ke shigowa ta bakin tafkin Benya, mata na jira da manyan kwanoni, ana ciniki da ƙarfi, hayaƙin bandar kifi na tashi daga bayan gidaje. Ranar Talata a garuruwa da yawa ba a fita su. Akwai ƙarar injin jirgi, akwai ƙarni, akwai lokacin da ciyawar teku ke taruwa ta ruɓe a gaɓar yamma, abin da ya zama ruwan dare tun 2011. Ruwan kansa yana da ja mai ƙarfi, ba na wankan dattijo ba ne. Baƙon da ya zo ya kewaye yashi da waya ya toshe hanyar da masunta ke jan taru ya sayi gaba da kuɗinsa, kuma a ganina bai kyauta ba. Wanda ya koyi gaisuwa da harshen gari, ya je ya gaida sarki, ya riƙa sayen kifi a hannun mace ɗaya har ta san shi, shi ne za a ƙwanƙwasa wa ƙofa in an kwana biyu ba a gan shi ba.

Idan aka haɗa waɗannan duka, garuruwan da suka fi cancanta su ne matsakaita masu tudu da asibiti da kasuwa da zango, irin su Cape Coast, Winneba da Sekondi-Takoradi, ko da bakin ruwansu bai kai na Busua ko Ada kyau ba. Jami'o'in Cape Coast da Winneba suna sa garin ya kasance da rai duk shekara, Takoradi kuma na da filin jirgin sama. Ko a cikinsu, haya za a fara, kuma hayar ta haɗa da watannin Mayu da Yuni, lokacin manyan ruwan sama, don a ga inda ruwa ke kwanciya da yadda gwiwa ke ji da danshi. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a aikace shekara ɗaya ko biyu ake nema, saboda haka a shirya.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, akwai ƙarin taka tsantsan. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba da kwana 90 ba tare da biza ba, zama na dindindin kuwa sai da takardar izini da ake sabuntawa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ɗan Nijar ya bincika matsayinsa a ofishin shige da fice kafin ya zuba kuɗi a gini. Dattawan zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, kamar yadda 'yan Gana ba su manta da korar da Najeriya ta yi musu a 1983 ba. Dangantaka ta gyaru ƙwarai tun daga lokacin. Duk da haka ba zan ba kowa shawarar ya sayar da gidansa na Kano ko Maraɗi ko Kumasi don ya gina na bakin teku ba. A sa masa 'yan haya, kuɗin ya riƙa biyan hayar can, ɗaki ɗaya kuma a bar shi a rufe da makullinsa a hannu, domin yawancin tsofaffi idan jinya ta yi tsanani wurin 'ya'yansu suke komawa.